Tarihin Unguwar Orangi: Yadda Masana Zane Suka Zauna da Talakawa Aka Gina Magudanar Ruwa



Duk shekara da damina ta kankama a nan Kudu, maganar kwata da ruwan da ke shiga ɗakuna ce ke cinye rabin taronmu. A gefe guda kuma, Allah ya azurta mu da yara da suka karanta zanen gini da injiniyanci da aikin safiyo, kuma wasunsu na tambayar ta ina za su sa hannu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin wata unguwa a ƙasar Pakistan, inda masu ilimin zane da talakawa suka haɗa kai suka yi aikin da hukuma ta ce ba ta da kuɗin yi.

Kafin mu je can, bari mu fara da wani aikin da ya gabace shi. A tsakiyar shekarun 1940, hukumar kula da kayan tarihi ta Masar ta so ta tashi mutanen ƙauyen Gurna, kusa da Luxor, domin gidajensu na kan kaburburan zamanin Fir'aunoni. Aka ba wani gwanin mai zanen gini, Hassan Fathy, aikin zana musu sabon gari. Ya yi amfani da tubalin ƙasa da rufin baka irin na mutanen Nuba, ya gina masallaci da kasuwa da gidaje masu sanyi da kyan gani. Har gobe ana koyar da zanen a jami'o'i. Amma yawancin mutanen Gurna suka ƙi komawa, domin ba su ne suka nemi tashi ba, kuma abincinsu na tsohon garin. Aikin ya tsaya ba a kammala ba. Zanen ya yi kyau, sai dai an yanke babbar shawarar tun kafin a tambayi masu gida.

Orangi kuwa unguwa ce a arewa maso yammacin birnin Karachi. Mutane sun fara kafa gidaje a wurin a shekarun 1960 ba tare da tsarin hukuma ba, sannan ta cika ta batse bayan yaƙin 1971 da ya haifar da Bangladesh, lokacin da 'yan gudun hijira suka kwararo. Zuwa 1980 mazaunanta sun kai kimanin 800,000. Da kansu suka gina gidajensu, amma babu magudanar ƙazanta. Wasu na amfani da masai na bokiti, wasu na haƙa rami, ruwan wanka da na wanke-wanke kuma na bin tsakiyar layi. Zazzaɓi da gudawa suka zama abokan zaman yara, danshi kuma na cin gindin gine-gine.

A shekarar 1980 Dokta Akhtar Hameed Khan ya kafa shirin da aka sani da Orangi Pilot Project. Dattijo ne da aka haifa a 1914, ya ajiye babban muƙamin gwamnati tun zamanin mulkin Ingila, kuma ya yi suna a aikin raya karkara a Comilla. Abin da ya fara yi a Orangi shi ne yawo. Ya kwashe watanni yana bin layi-layi, yana zama da jama'a yana sauraro, bai zo da zane a aljihu ba. A nan ya gane cewa magudanar ruwa ce babbar damuwarsu, kuma ya gano abubuwa huɗu da suka hana su yi. Sun ɗauka aikin gwamnati ne, don haka jira suke. Sun ɗauka kuɗin ya fi ƙarfinsu. Ba su da ilimin auna gangare da shimfiɗa bututu. Sannan ba su da tsarin da zai haɗa su aiki tare.

Nan ne masana suka shigo, kuma yadda suka shigo shi ne zuciyar wannan tarihi. Mai zanen gini Arif Hasan ya zama mashawarcin shirin, sai wata matashiya da ta karanta zanen gini, Perween Rahman, ta shigo a 1982. Da suka zauna suka tsefe ƙiyasin hukuma, sai suka ga yawancin tsadar daga ribar 'yan kwangila take, da na goro, da ƙa'idojin gini da aka kwafo daga ƙasashen masu kuɗi. Suka sauƙaƙa zanen. Tunda manyan motoci ba sa shiga lungunan, babu dalilin binne bututu da zurfi sosai. Ramukan duba bututu aka riƙa zuba musu kankare a wurin da allunan ƙarfe da ofishin ke ba da aro. Saboda ƙarancin ruwa a unguwar, aka sa ƙaramin tanki tsakanin masai da bututun layi don ya tare dattin da zai toshe hanya. Da wannan kuɗin ya sauko ninki da yawa, har ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya.

Sai batun tsari. Ba su ce a tara unguwa gaba ɗaya ba, domin taron mutum dubu ba ya yanke magana. Layi suka ɗauka, mai gida 20 zuwa 40, inda kowa ya san kowa. Mutanen layi su zauna, idan sun amince su zaɓi wakili daga cikinsu, shi zai nemi taimakon ofishin. Ofishin ya turo mai awo, ya zana taswirar layin, ya rubuta adadin bututu da siminti da kuɗin leburori, ya miƙa musu takardar. Wakilin layi ne ke karɓar kuɗi, jama'a su sayo kaya, su ɗauki magini ko su haƙa da hannunsu, ma'aikacin ofishin kuma ya zo duba aiki. Ko sisi na kuɗin jama'a ba ya shiga hannun masanan. Wannan ya toshe ƙofar zargi, ya kuma sa mutane kula da bututun bayan an gama, tunda guminsu ne. Mata sun taka rawa babba, domin su ne ke fama da ƙazantar da jinyar yara, kuma a gidaje da dama su suka matsa wa mazajensu lamba.

Ba kowa ne ya yarda da wannan hanya ba. A farkon shekarun 1980 wani ƙwararren mashawarci daga Majalisar Ɗinkin Duniya ya soki tsarin, har aka raba unguwar gida biyu, kowane ɓangare ya gwada tasa dabarar. Ɓangaren da aka bi ta hannun jama'ar layi shi ne ya bazu, domin idan layi ɗaya ya bushe ya yi tsaf, maƙwabta da kansu suke zuwa tambaya. A hankali gidaje sama da 100,000 suka gina masai da magudana da kuɗinsu, wato fiye da kashi 90 cikin 100 na layukan Orangi.

Kada a ɗauka an yafe wa gwamnati aikinta. Shirin ya raba nauyi gida biyu. Masai na cikin gida, bututun layi, da wanda ke tattara ruwan layuka kaɗan, na jama'a ne. Babban bututu da wurin tace ƙazanta kuma na hukuma ne. Raunin aikin ma a nan yake: shekaru da yawa ƙazantar na zuba ne a kwazazzabai tana tafiya teku ba a tace ba, saboda hukuma ta yi jinkirin sauke nata nauyin.

Abin da ya ba talakawa bakin magana gaban hukuma shi ne taswira. Bayan 1988 Perween Rahman ta shugabanci sashen bincike da horarwa na shirin, ta koya wa samarin unguwa awo da zane, suka rubuta kowane bututu da kowane kwazazzabo, har a wasu unguwannin Karachi. Da irin waɗannan bayanai aka nuna cewa wani babban aikin magudana a yankin Korangi ya yi watsi da abin da mutane suka riga suka gina, kuma a 1999 gwamnatin lardin Sindh ta fasa karɓar bashin dala miliyan 70 daga Bankin Raya Asiya. Taswirar ta kuma tona masu satar ruwa da masu ƙwace filaye. Ranar 13 ga Maris, 2013, 'yan bindiga suka harbe Perween Rahman a hanyarta ta komawa gida daga ofis. Dokta Khan kuwa ya rasu tun 1999, amma tsarin ya bazu zuwa garuruwa da dama na Pakistan.

Mu Hausawa aikin gayya ba baƙonmu ba ne, haka adashi. Abin da sau da yawa ba mu da shi shi ne wanda zai auna mana gangare, ya faɗa mana gaskiyar kuɗin aiki. Shi ya sa muke kira ga yaranmu masu wannan ilimi: idan za ku taimaka, ku fara da zama da mutanen layi, har da iyaye mata, ku ji abin da ya dame su kafin ku ɗauko takarda. Ku yi zanen da maginin unguwa zai iya karantawa, da kayan da ake samu a kasuwar kusa. Ku bar kuɗi a hannun wanda jama'a suka zaɓa, ku koya wa ƙannenku awo don ilimin ya zauna a unguwa.

Mu kuma shugabanni, mu daina zuwa ƙaramar hukuma da koke na baki kawai. Mu zaɓi layi ɗaya da mutanensa suka shirya, a auna shi, a rubuta ƙiyasi, a ware abin da za mu iya da abin da ya zama hakkin hukuma. Sannan mu tafi da takardar a hannu tare da maƙwabtanmu 'yan gari, tunda ruwan kwata ba ya tambayar yaren mai gida.

Duk mai ilimin zane, gini ko safiyo da ke son sa hannu, ya sanar da sakatariya kafin taron wata mai zuwa. Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Sakataren Ƙungiya