Makullai Uku da Ke Cikin Motarka, da Tarihin Yadda Aka Same Su

Yau maganar mota za mu yi, kuma abin da ya jawo ta ƙarami ne.

Kwanakin baya motar yayana ta ƙi fita daga P a nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Mota ta tashi lafiya lau, amma giya ta kafe. Muka kira mai wayarin, ya duba, ya ce: "Yallaɓai, wannan tarkacen Turawa ne, bari in cire shi ku huta." Na ce dakata tukuna. Abin da yake son cirewa yana da tarihi, kuma rayuka aka rasa kafin a sa shi.

Motar otomatik tana da makullai uku. Na farko, ba za ta tashi ba sai giya tana P ko N. Na biyu, giya ba za ta fita daga P ba sai ka taka birki. Na uku, a motoci masu makulli, ba za ka iya zare shi ba sai ka mayar da giya P. Ba rana ɗaya aka ƙirƙiro su ba.

Mu koma Amurka. A 1939 kamfanin General Motors ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile, ita ce otomatik ta farko da aka ƙera da yawa aka sayar wa jama'a. Ba ta ma da P. Jerin giyarta N ne, sai na gaba, sannan ribas a can ƙarshe, maƙale da ƙaramar giyar gaba. Hannunka ya ɗan zarce kaɗan, kana nufin gaba sai ka ga kanka kana baya. Kowane kamfani kuma da nasa tsarin.

A 1965 wani matashin lauya, Ralph Nader, ya wallafa littafin Unsafe at Any Speed, ya caccaki kamfanonin mota kan fifita riba a kan rayuka, har da wannan rikicin jerin giya. Yana da shekara 31 a lokacin, kusan sa'anmu. A 1966 Amurka ta yi dokar kiyaye haɗurran motoci, daga 1968 kuma ƙa'ida ta ce dole N ta shiga tsakanin gaba da ribas, kuma kik ba zai yi aiki ba in mota tana cikin giyar tafiya. Makulli na farko ke nan ya zama doka.

Na biyu, Audi ce silarsa. A shekarun 1980 mutane suka riƙa ƙorafin cewa Audi 5000 tana fizga da kanta da zarar an sa giya. A Nuwamban 1986 shirin 60 Minutes na tashar CBS ya yayata labarin. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta bincika, a 1989 ta ce yawanci direbobin ne ke taka totur suna zaton birki ne. Amma kafin nan, a 1987, Audi ta janye motocin ta sa musu makullin da ke tilasta taka birki kafin a fita daga P. Cinikinta a Amurka ya faɗi daga mota kusan 74,000 a 1985 zuwa kusan 12,000 a 1991. Sauran kamfanoni suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. A 2008 aka sa hannu kan wata doka mai ɗauke da sunan wani yaro ɗan shekara 2 da mota ta take a ƙofar gidansu, ta wajabta wannan makulli ga motocin da aka ƙera daga Satumban 2010.

Na uku kuwa, daga 1992 ƙa'ida ta hana makulli zaruwa in giya ba ta P, saboda motocin da ke gangarawa bayan direba ya fita.

To yaya yake aiki? A saman fedar birki akwai wani ɗan makunni, shi ke kunna jar fitilar baya in ka taka. Shi ne kuma ke tura wuta zuwa wani ɗan sakata mai maganaɗisu a gindin giya. Ka taka birki, sakata ya janye, ka ji "ƙas", giya ta saku. In makunnin nan ya mutu, ko fis ya ƙone, ko batir ya yi sanyi, giya ta kafe ke nan. Abin da ya samu motar yayana ke nan: makunnin ne ya mutu, wato da mun cire sakatan, da mun ci gaba da yawo a titin IBB babu fitilar birki.

Me ya sa muke raina shi? Don mu da kuloci muka saba. Iyayenmu sun koyi tuƙi ne a Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kuma galibinta manuwal ce. Bayan shirin SAP na 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai 'yan Kwatano suka cika kasuwa, da yawansu ta Maraɗi da Jibiya suke shigowa. Daga baya Camry da Accord da Corolla na Amurka suka biyo, kusan duk otomatik. Motocin sun iso, amma bayanin dalilin kowace na'ura bai biyo su ba. Shi ya sa in abu ya ba da matsala, sai a ce a yanke waya.

Ku kwatanta da gidajenmu. Mota a ajiye a ƙofar gida, yara na wasa a gabanta, ɗaya ya shige ciki yana kwaikwayon babansa. In sakatan nan yana nan, ko ya ja giya ba za ta motsa ba, don ƙafarsa ba ta kai birki ba. In an cire shi fa?

Saboda haka in giyarka ta kafe, sa wani ya tsaya a baya ya duba ko fitilar birki na kamawa. Duba fis. Yawancin motoci suna da ɗan rami ko maɓalli kusa da giya: ja birkin hannu, taka birki, danna shi, ka mayar da giya N, ka kai ta gareji. Wannan na gaggawa ne, ba na kullum ba. Kuma in ka yi fakin, ja birkin hannu, don P ɗan ƙarfe ne kawai ke riƙe haƙorin giya.

Mu dai makunnin muka canja, ko awa ɗaya ba a yi ba. Kafin ka biya kuɗin motar hannu, gwada makullan nan uku da kanka. In bakanikenka ya ce a cire, tambaye shi me ya lalace.

Allah ya tsare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.