Igiyar Teku da Ƙurar Hunturu: Abin da Kwamfuta Take Iya Faɗa Game da Injin Iska

Mutumin Kongolam, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, bai haɗa komai da teku ba, don haka yana iya ɗaukar batun injin iska mai yawo a kan ruwa a matsayin labarin wasu. Ni kuwa ina ganin akwai abin ɗauka a ciki, kuma ba injin ba ne, hanyar gwada shi ce.

A 2017 kamfanin Statoil na Norway ya ƙaddamar da Hywind Scotland, injina biyar masu ba da megawat 30, waɗanda ba a kafa su a ƙasan teku ba. Kowanne yana tsaye a kan doguwar ganga mai nauyi a gindi, an ɗaure ta da sarƙoƙi uku. Irin wannan inji motsi shida yake yi: gaba da baya, gefe da gefe, sama da ƙasa, sai tangaɗi iri uku. Shi ya sa kafin a narka ƙarfe ake gina shi a kwamfuta, da manhaja irin OpenFAST da cibiyar NREL ta Amurka ta ƙirƙira, wadda take lissafa bugun iska, dukan igiyar ruwa, jan sarƙa da lanƙwasar ƙarfe a lokaci guda.

Haɗa su ɗin nan shi ne gishirin aikin. Idan iska ta yi ƙarfi, na'urar sarrafa injin takan karkata farfela don rage gudu. A kan tudu wannan dabara lafiya lau take. A kan ruwa kuwa, kwaikwayon da aka yi a kwamfuta ya nuna tana iya ƙara wa injin tangaɗi maimakon ta kwantar da shi, wato garin gyaran gira a rasa ido. Wanda ya lissafa iska daban, ruwa daban, ba zai taɓa hango wannan ba.

A Lambar Rimi ta Jihar Katsina akwai injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, da aka tsara su ba da megawat 10. Babu igiyar ruwa a nan, amma akwai ƙurar hunturu mai cin bakin farfela, da zafin bazara mai rage nauyin iska, da guguwar farkon damina mai zuwa ba sallama, waɗanda su ma sai an haɗa su a lissafi guda.

Sai dai kwamfuta ba boka ba ce. Abin da aka zuba mata shi take dafawa. Lantarkin da inji ke samarwa yana bin saurin iska ne idan aka ninka shi da kansa sau uku a lissafi: idan saurin ya ninka biyu, ƙarfin sai ya ninka takwas. Kuskuren kashi goma cikin ɗari wajen awo kan zama kusan kashi talatin a sakamako. Saboda haka duk mai niyyar kafa inji a ƙasar Daura, kafin ya sayi manhaja, ya fara dasa sandar awon iska mai tsayi daidai da injin, ta kwana a fili aƙalla shekara guda, ta ga hunturu, bazara da damina.