Tsufar da garkuwar jitar lantarki

Tsufar da garkuwar jita wata sana'ar hannu ce da ake yi wa sabon faifan robar da ke fuskar jitar lantarki, domin ya yi kama da wanda ya shekara 50 ko 60 ana kiɗa da shi. Garkuwar jita ita ce faifan da ake ɗaurewa da sukuru a ƙarƙashin tsirkiyoyi don ya kare fentin jitar daga karcewar farce da ɗan makaɗin roba. A wasu jitoci, kamar Stratocaster ta kamfanin Fender, a jikin garkuwar ake ɗaure na'urorin ɗaukar sauti da maɓallan ƙara. Aikin ya fi yaɗuwa a Amurka da Turai da Japan, inda tsofaffin jitoci ke da tsada ƙwarai, kuma masu gyaran jita da makaɗa da yawa suna yin sa a gida.

Tarihi

Jitar Telecaster ta farkon shekarun 1950 tana da baƙar garkuwa mai sukuru 5, kuma a shekarar 1954 aka mayar da ita fara. A wannan shekarar ce Fender ya fitar da Stratocaster da farar garkuwa mai falle ɗaya da sukuru 8. A shekarar 1959 kamfanin ya koma garkuwar seluloyid mai falle uku, fari da baƙi da fari, mai sukuru 11. Wannan garkuwa ce take rikiɗewa zuwa kore-kore mai haske idan ta daɗe, launin da masu tara jita ke dangantawa da na'a-na'a. Wajen shekarar 1965, lokacin da kamfanin CBS ya sayi Fender, aka daina amfani da seluloyid aka koma robar da ta fi riƙe farinta.

Sha'awar jita mai alamun wahala ta ƙaru ne saboda jitocin wasu shahararrun makaɗa, irin su Stratocaster ta 1961 ta Rory Gallagher ɗan ƙasar Ailan da wadda Stevie Ray Vaughan ya fi kiɗa da ita. A watan Janairun 1995, sashen Fender Custom Shop ya nuna sababbin jitocin da aka tsufar da gangan a bajekolin NAMM da ke Anaheim, a jihar Kalifoniya, ƙarƙashin sunan Relic. Vince Cunetto ne ya riƙa yi wa kamfanin aikin tsufarwar a jihar Mizuri har zuwa 1999. A shekarar 2009 aka fitar da jerin Road Worn, wanda ake ƙerawa a Meziko a farashi mai sauƙi. Daga nan masu jita suka riƙa kwaikwayon aikin a gidajensu.

Yadda roba ke tsufa da kanta

Seluloyid haɗin naitiroselulos ne da kafur. Da tafiyar shekaru kafur ɗin yana fita, sai faifan ya tsuke ya ɗan lanƙwashe, ya kuma tsage a kusa da ramukan sukuru. Farin falle na sama yana komawa rawaya-rawaya, baƙin falle na tsakiya kuma yana ɗan bayyana ta cikinsa, haɗuwar biyun ke ba da launin kore-kore.

Yawancin garkuwoyin yanzu ana yin su da robar PVC ko ABS. Robar ABS tana yin rawaya idan hasken ultrabayolet da iskar oksijin suka daɗe suna taɓa ta. Hayaƙin taba da gumi da ƙura suna ƙara mata duhu. Tsufan gaske ba ya zama bai ɗaya: wurin da maɓalli ya rufe yana zama da haske, gefen faifan yana tara dauɗa, karce kuma yana taruwa a inda hannun makaɗi ke sauka.

Hanyoyin tsufarwa

Kafin komai ana kwance garkuwar daga jikin jita, a cire na'urorin ɗaukar sauti da maɓallai, a ɓare siririyar ledar da ke kan sabon faifai, a wanke shi da sabulu.

Matakin farko shi ne kashe sheƙi. Ana goga faifan a hankali da soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000, ko samfefa mai lamba 1000 zuwa 2000. Wannan yana rage ƙyalli, yana kuma ba launi wurin kamawa. Ana nisanta soson ƙarfe daga na'urorin ɗaukar sauti, domin maganaɗisun da ke cikinsu yana jan ɓarɓashinsa, kuma fitar da shi yana da wuya.

Mataki na biyu shi ne sauya launi. Hanyar da aka fi sani ita ce jiƙa faifan a cikin baƙin shayi ko kofi mai kauri wanda ya huce. Sai dai robar PVC da ABS ba sa shan ruwa sosai, don haka launin yakan tsaya ne a sama da cikin karce, kuma yana iya gogewa. Man takalmi mai ruwan ƙasa ya fi kamawa: ana shafa shi kaɗan, a bar shi na ɗan lokaci, a goge da tsumma. Masu gyaran jita sukan fesa siririn fenti mai sheƙi wanda aka sirka da launin zuma, sannan su dusashe shi bayan ya bushe. Akwai kuma masu shanya faifan a rana na makonni, hanyar da ta fi kusa da tsufan gaske amma sakamakonta ya dogara da irin robar.

Mataki na uku shi ne alamun amfani. Ana karce wurin da ke ƙasa da tsirkiyoyi da ɗan makaɗin roba, ta bin hanyar da hannu ke bi wajen kiɗa. Ana cusa ɗan duhu a gefen faifan da bakin ramukan sukuru. Sukurun kuma ana jiƙa su a ruwan khal da gishiri don su dusashe, saboda sabon sukuru mai ƙyalli a kan tsohon faifai yana tona asirin aikin. Ana ba da shawarar a fara gwaji a bayan faifan, tun da ƙara launi ya fi rage shi sauƙi.

Haɗari

Seluloyid yana kama wuta nan take, don haka ba a kusantar da shi ga wuta ko zafi. Idan ya fara ruɓewa yana fitar da tiriri mai asid da ke sa ƙarafan jita tsatsa. Asiton, wanda ake samu a ruwan goge jan farce, yana narkar da seluloyid da ABS. Tafasasshen ruwa da zafin rana mai tsanani suna lanƙwasa faifai har ramukansa su daina dacewa da na jikin jita. Fentin fesawa yana buƙatar wuri mai iska da abin rufe hanci.

Ra'ayoyi

Masu goyon bayan aikin suna ganin ado ne kawai, kuma yana da amfani idan aka sa sabuwar garkuwa a tsohuwar jita, don kada farinta ya saɓa da sauran jikin. Masu suka suna cewa alamun tsufa ya kamata su fito ne daga shekarun kiɗa. Babbar matsalar ita ce ta ciniki: asalin garkuwar Fender ta kafin 1965 tana da daraja mai yawa, kuma sayar da wadda aka tsufar a matsayin ta asali zamba ce. Masana sukan gane bambanci ta hanyar duba tsukewar faifan, kaurin fallayensa, wurin ramukan sukuru, da ƙamshin kafur da seluloyid ke fitarwa idan aka goga shi. Aikin ba ya ƙara wa jita sauti, kuma taɓa garkuwar tsohuwar jita ta asali yana rage mata farashi.