Jiragen Ruwan Fasinja Tsakanin Ikko da Ingila

Kafin jirgin sama ya zama abin hawan kowa, mai niyyar zuwa Ingila daga Najeriya ta teku yake bi, kuma kamfanin Elder Dempster na Liverpool ne ya riƙe wannan hanya shekaru da dama. Mutumin Arewa kan hau jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, ya gangara Ikko, sannan ya shiga jirgin ruwa. Ta teku Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya isa Ingila a 1921, shekarar da ya yi aikin hajji.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya samo sababbin jirage uku masu ɗaukar fasinja da wasiƙu: Accra a 1947, Apapa a 1948, sai Aureol a 1951. Aureol, fari fat mai ruwan ɗorawa a bututun hayaƙi, shi ya fi suna. Tafiyar kan ci kusan mako biyu, ana yada zango a Takoradi, Freetown da Las Palmas. Jami'an mulkin mallaka masu tafiya hutu su suka fi cika ajin farko. Ɗalibai 'yan Afirka ta Yamma kuwa, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin teku ba, galibi a aji mai rahusa suke, suna fama da jiri da baƙon abinci.

Jiragen sama masu sauri ne suka kashe kasuwar. An sayar da Accra da Apapa kafin 1970, aka mayar da tashar Aureol Southampton a 1972, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974.