Haɗarin jirgin ruwa na Anse Caffard (1830) da abin tunawa da aka kafa a wurin

A cikin wannan ɗan bayani za mu duba wani haɗari da ya auku a tsibirin Martinik, cikin tekun Karayib, da kuma yadda ake tuna shi.

A daren 8 ga watan afirilu 1830, wani jirgin ruwa ɗauke da mutanen da aka kamo daga Afirka ya tarwatse bisa duwatsun gaɓar Anse Caffard, cikin gundumar Diamant. A lokacin, Faransa ta riga ta hana fataucin bayi ta teku tun 1815, amma ba ta soke bautar kanta ba sai 1848. Saboda haka jirgin a ɓoye ya zo, kuma har yau ba a gano sunansa ba.

An ceto mutum 86, mata 60 da maza 26. An tsamo gawa 46: huɗu na Turawan jirgi, waɗanda aka kai maƙabarta, sauran 42 kuwa aka binne su kusa da gaɓa. Waɗanda suka tsira sun zame wa hukuma matsala. Doka ba ta yarda a sayar da su ba, tun da ta haramtacciyar hanya aka kawo su, hukuma kuma ba ta so a sake su cikin tsibirin da ake bauta. Daga ƙarshe aka kwashe su zuwa Kayen, a Giyan ta Faransa.

A 1998, shekara 150 bayan soke bauta, Laurent Valère ya kafa mutum-mutumi 15 na farin siminti a gefen hanya, bisa tudun da ke kallon wurin, kawunansu a sunkuye, an jera su cikin siffa mai kusurwa uku. Sunan aikin Cap 110. Ya kamata a lura da kalmar cap: a faransanci tana nufin ƙasar da ta kutsa cikin teku, tana kuma nufin inda jirgi ya dosa. Ma'ana ta biyu ake nufi a nan, wato digiri 110, wajen mashigin tekun Gine. A ganinmu zaɓin ya yi daidai. Mai aikin bai ƙirƙiro masu asali ba, ya dai juya fuskokinsu wajen da aka ɗauko su.