Ƙungiya da Aikata Laifi: Nazarin Daba a Kano ta Fuskar Ilimin Halayyar Mutum a Cikin Jama'a

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ilimin halayyar mutum a cikin jama'a yake bayyana aikata laifi, ta ɗauki daba a birnin Kano a matsayin misali. Nazari ne na ra'i, inda aka auna sakamakon wasu gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da abin da aka sani game da daba. Matsayar maƙalar ita ce ƙungiya ce take koya wa matashi laifi, ta ba shi uzuri, ta kuma toshe masa hanyar fita. Saboda haka duk shirin gyaran da zai tara masu laifi wuri guda yana iya dagula abin da ya zo gyarawa.

Gabatarwa

Idan aka kama matashi da wuƙa bayan faɗan unguwa, bayanin da ya fi saurin fitowa daga bakin jama'a ɗayan uku ne: ko rashin tarbiyya, ko talauci, ko ƙwaya. Kowanne yana da tasa gaskiyar, amma akwai tambayar da suka bari ba amsa. A gida guda, uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya, sai a ga wa yana sayar da kayan gwari a 'Yankaba, ƙani kuma ya zama abin tsoro a unguwa. Talaucinsu ɗaya ne. Bambancin da ake yawan tararwa idan an bincika shi ne wurin zama da yamma da kuma waɗanda ake zaman da su.

Wannan ita ce mashigar ilimin halayyar mutum a cikin jama'a, wato fannin da yake nazarin yadda kasancewar wasu mutane take sauya tunanin mutum da aikinsa. Tun a 1931 Clifford Shaw da Henry McKay suka gano cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na yaran da aka gurfanar gaban kotun yara a Shikago ba su kaɗai suka aikata laifin ba. Laifin matasa, galibi, aikin taro ne.

Daba a matsayin ƙungiya

Masu bincike irin su Abdulkarim Ɗan'asabe, wanda ya yi rubutu kan 'yan daba a 1991, sun danganta tushen daba da ƙungiyoyin farauta da 'yan tauri, sannan da siyasar NEPU da NPC ta shekarun 1950, lokacin da jam'iyyu suka riƙa neman ƙartin da za su tsare taronsu. Tana da 'yan'uwa a wasu garuruwa: sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, ƙauraye a Katsina, da ƙungiyoyin matasan da ake kira fale a Damagaram. Abin da ya haɗa su shi ne tsari. Akwai shugaba, akwai matattara, akwai laƙabin da ake raɗa wa sabon shiga, akwai kuma iyakar unguwa da ba a tsallakawa sai da shiri.

Yadda ake koyo

Edwin Sutherland, a ra'in da ya fitar a 1939 ya kuma gyara a 1947, ya ce laifi koyonsa ake yi kamar kowace sana'a, a cikin ƙaramar ƙungiya ta makusanta, kuma abin da ake koya ya haɗa da dabarar aiki da hujjar aikin. Bahaushe ya riga ya lura cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Gudummawar masu bincike ita ce nuna hanyar da abin yake bi. Albert Bandura ya nuna a 1961 cewa yaran da suka kalli babba yana jibgar 'yar tsana sun kwaikwaye shi, har da salon dukan. Ya nuna daga baya cewa yaro yana lura da abin da ya biyo bayan aikin, ko yabo ko horo. Yaron da yake zaune a bakin layi yana ganin wanda ya fi kowa sara shi ake yi wa kirari, shi ɗan siyasa yake nema lokacin kamfe, shi ake fitarwa beli kafin gari ya waye, ya riga ya ɗauki darasi ba tare da kowa ya ce masa uffan ba.

Shekaru ma suna da tasiri. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda mutum zai zaɓi tsayawa ko wucewa idan fitilar hanya ta nuna ruwan ɗorawa. Matasa masu shekara 13 zuwa 16 sun ninka kasadarsu idan abokansu na kallo, manya kuwa kusan ba su sauya ba.

Uzuri da matsin taro

Ra'in da ya fi dacewa da daba, a ganin wannan maƙala, shi ne na Gresham Sykes da David Matza na 1957. Sun lura cewa yawancin matasa masu laifi ba su yi watsi da ɗabi'un al'ummarsu ba. Sun san sata haram ce, suna jin kunyar iyayensu. Abin da ƙungiya take ba su shi ne hanyoyin kwantar da zuciya kafin aiki, kuma duk wanda ya taɓa sauraron ɗan daba zai gane su. Akwai ture alhaki: ƙwaya ce ta sa ni. Akwai raina ɓarnar: ai waya ce kawai, gobe zai sayi wata. Akwai ɗora laifi kan wanda aka cuta: su suka fara shigo mana unguwa. Akwai zargin masu zargi: manyan ma sata suke yi, da biro. Sai kuma biyayya ga abin da ake ganin ya fi doka, wato ba a gudu a bar ɗan'uwa a hannun abokan gaba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi ƙarfi, domin daga kyakkyawar ɗabi'a aka aro shi. Zumunci da riƙon amana ne aka karkatar, shi ya sa wa'azin da ya tsaya ga cewa kisa zunubi ne yake wucewa ta gefen kunnen mai sauraro: a ransa, amana ya riƙe.

Gwajin Solomon Asch na farkon shekarun 1950 ya nuna nauyin taro ko da babu wuƙa a hannun kowa. An nuna wa mutane layuka aka ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo, alhali sauran mazauna ɗakin an shirya da su su ba da amsar ƙarya. Kusan kashi 75 cikin ɗari sun bi taro aƙalla sau ɗaya. Sai dai ɓangaren da aka fi mantawa shi ne wanda ya fi amfani a nan: da aka samu mutum guda da ya faɗi gaskiya, bin taron ya ragu ƙwarai. Ga mai neman kashe wutar faɗan unguwa, wannan yana nufin cewa mutum ɗaya mai faɗa a ji a cikin matattara, wanda zai ce yau ba inda za mu, yana iya yin abin da motar sintiri ba za ta yi ba.

Ya kamata a yi hattara da wasu gwaje-gwajen da suka yi suna. Na kurkukun jami'ar Stanford da Philip Zimbardo ya yi a 1971 ana yawan kawo shi a matsayin shaidar cewa yanayi kaɗai yana mayar da mutumin kirki azzalumi, amma bayanan da suka fito daga baya sun nuna an zuga masu gadin su tsananta. Haka kuma yawancin waɗannan bincike a kan Amurkawa aka yi su, cikinsu da ɗaliban jami'a da yawa, don haka ɗauko su kai tsaye a liƙa wa matashin Kano ganganci ne. Jagora suke bayarwa kan inda za a duba.

Suna da ƙofar fita

Howard Becker ya nuna a 1963 cewa laƙabin da al'umma ta liƙa wa mai laifi yana iya zama masa makoma. Wanda aka sani da daba, ko ya tuba, mai shago ba zai bar masa aljihun tebur ba, iyayen yarinya za su ce a dakata, kuma duk wayar da aka ƙwace a layin shi za a fara nema. Matattara ce kaɗai wurin da sunan nan yake da daraja, don haka can yake komawa.

A nan ne binciken Kambirij da Somabil na jihar Masacusets yake da muhimmanci. A ƙarshen shekarun 1930 aka ɗauki yara maza 506, aka raba su biyu. Rabi aka ba su mai ba da shawara, da taimakon karatu, da kula da lafiya, wasu aka riƙa kai su sansanin hutu. Rabi aka bar su haka. Da Joan McCord ta bi sawunsu bayan kimanin shekara 30, ta wallafa a 1978 cewa waɗanda aka taimaka sun fi ɗaya rabin maimaita laifi, da shaye-shaye, da mutuwa da wuri. Nazarin da ya biyo baya ya nuna abin ya fi muni ga waɗanda aka kai sansani fiye da sau ɗaya. Bayanin da McCord da Thomas Dishion da wani abokin aikinsu suka gabatar a 1999 shi ne yaran suna ƙarfafa wa juna gwiwa: wani ya ba da labarin ɓarnarsa, saura su yi dariya, dariyar ta zama lada.

Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye. Mafi yawan mazauna gidajen gyaran hali a ƙasar masu jiran shari'a ne, kuma yaron da aka kama da ƙaramin laifi yana iya shafe watanni a ɗaki ɗaya da gwanayen sana'ar. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma, kuma ta fuskar wannan nazari tanadin nan ya fi muhimmanci a kan sauya sunan hukumar gidajen da dokar ta yi. Haka ma shirin karɓar tuban 'yan daba da rundunar 'yan sandan Kano ta yi a 2023: ajiye makami mataki ne mai kyau, amma idan aka koya wa tubabbu sana'a a aji guda, su kaɗai, tsohuwar matattara ce aka yi wa rufi.

Robert Sampson da John Laub, da suka sake nazarin bayanan yara 500 masu laifi na birnin Boston, sun gano cewa aure mai ɗorewa da aiki tsayayye su ne manyan mararrabar barin laifi, Mark Warr kuma ya nuna a 1998 cewa aure yana yin wannan tasiri ne domin yana rage lokacin zama da abokai. Kano tana da tsarin da ya dace da wannan tun da daɗewa, wato yaron shago a ƙarƙashin maigida, a Kwari ko a gareji ko a wurin ɗinki, inda tubabbe ɗaya zai wuni cikin mutum goma da ba su san daba ba. Binciken fili da ya dace a yi shi ne a bi sawun tubabbun da aka rarraba ga iyayen gida daban-daban, a kwatanta su da waɗanda aka horar a rukuni guda, a ga su wa suka fi komawa matattara bayan shekara biyu ko uku.