Daga Filin Dambe Zuwa Gidan Kallo: Yadda Son Kulob Ya Shigo Ƙauyukanmu



Idan ka tambayi saurayi a Dambatta ko Bichi ko Minjibir dalilin da ya sa yake son Arsenal, amsar da za ka samu ba ta wuce “sun iya taka leda”. Ɗan Chelsea ma haka zai ce maka, ɗan Madrid ma haka. Kowa yana ganin shi ya zauna ya auna ya zaɓa. Amma in ka jera magoya bayan ƙauye guda bisa shekarunsu, za ka ga sun rabu sahu-sahu: dattawa suna maganar Raccah Rovers, 'yan shekara arba'in sun fi yawa a Arsenal da Manchester United, na bayansu a Chelsea da Barcelona, ƙananan kuma suna bin Ronaldo ko Messi duk inda suka koma. Abin da nake son nunawa shi ne, yawanci kulob ne yake iske mutum a garinsu yana yaro, ta hanyar da ta buɗe a lokacin, kuma kowace hanya tana da tarihinta.

Mu fara da abin da ƙwallo ta tarar. Ƙasar arewacin Kano ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Da an gama girbin gero da dawa da gyaɗa, sai kalangu ya tashi, a yi dambe da kokawa a dandali, yara kuma su yi langa da farin wata. A nan aka koyi goyon baya. Mutum yana bayan ɗan damben garinsu ko da ya san ba zai kai labari ba, domin kisan da aka yi masa garin aka yi wa. Har yau a gidajen dambe akwai ɓangaren Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma mai kallo ba ya sauya ɓangare don an buge nasa a daren jiya. Wanda bai taɓa ganin Shago ba ya san shi ta bakin Ɗan'anace. Ke nan tun kafin ƙwallo, mutanenmu sun saba da son gwanin da labarinsa kawai suka ji.

Ƙwallon ƙafa ta zo tare da Turawan mulkin mallaka. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ma'aikatan reluwe da na kamfanonin sayen gyaɗa da sojoji da 'yan makarantar boko su ne suka fara buga ta. Wasan birni ne, na masu albashi. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna a Legas, wadda daga baya aka sani da Kofin Ƙalubale, kuma a 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka ɗauko kofin bayan sun doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1. Manomin Kunchi ko Tsanyawa na wancan lokaci, in ma labarin ya iso shi, ta bakin wanda ya kai gyaɗa birni ya iso.

Abubuwa biyu ne suka shigo da ƙwallo karkara sosai: makarantar firamare da rediyo. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai azuzuwa ƙauyuka da yawa, kuma kusan kowace makaranta tana da fili a gabanta. Yaran da suke buga ƙwallon tsumma a bayan gari suka samu raga ta itace da malamin wasanni. Ita kuwa rediyo mai batir tana rataye a wuyan keke, tana ajiye a gindin ɗorawa lokacin noma. A 1972 aka fara gasar lig ta ƙasa, a 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta lashe ta. Sunan Raccah ba baƙo ba ne ga manoma, domin Saul Raccah yana cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano a zamanin dalar gyaɗa. Shekara biyu bayan haka, a 1980, Green Eagles ta ɗauki Kofin Afirka a Legas da ci 3 da nema a kan Aljeriya. Wanda ya yi ƙuruciya a waɗannan shekaru, goyon bayansa na gari ne da ƙasa. Ba ya tambayar wa ya fi iyawa tsakanin Raccah da Rangers ta Inugu ko Shooting Stars ta Ibadan. Tamu ce, magana ta ƙare.

Wannan gado ne Kano Pillars ta ɗauka. An kafa ta a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. WRECA kuwa hukumar ruwa ce ta jihar Kano, mai aikin madatsun ruwa, don haka masu noman rani sun san sunan tun kafin su ji shi a filin wasa. Pillars ta lashe lig a 2008, ta sake a 2012 da 2013 da 2014 a jere. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Daga 2003 zuwa 2015 ta buga wasa 202 na lig a gida ba a doke ta ba, sai da Nasarawa United ta karya tarihin. A 2019 ta ɗauki Kofin Aiteo a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti, karo na farko da kofin ya dawo Kano tun 1953. Kirarin “Sai Masu Gida” ya faɗi komai. Shi ya sa da ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ba a ga magoya bayanta sun watse sun koma wata ƙungiya ba, har ta dawo a 2023.

To ina Arsenal da Chelsea suka fito? A 1992 aka fara gasar Firimiya a Ingila, a 1995 aka fara DStv, amma ba wannan ne ya fara jan hankalin mutanenmu ba. 'Yan wasanmu ne suka ja shi. A 1996 Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, ta doke Brazil 4 da 3, ta doke Ajantina 3 da 2, Nwankwo Kanu ya zama sunan da kowane yaro ya sani. A tawagar akwai 'yan Kaduna irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi da Celestine Babayaro. Babayaro ya koma Chelsea a 1997, Kanu ya koma Arsenal a farkon 1999. A watan Oktoba na shekarar, Chelsea tana cin Arsenal 2 da nema, Kanu ya zura uku shi kaɗai a minti goma sha biyar na ƙarshe. A 1999 ɗin dai Manchester United ta haɗa kofi uku a kaka ɗaya, kuma filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, ya sake karɓar na Kofin Afirka a 2000.

A daidai wannan lokaci gidan kallo ya fara fita daga birni, ya sauka a hedikwatocin ƙananan hukumomi, daga nan ya bi garuruwan kasuwa. Ba ya buƙatar wutar gwamnati. Rumfa ce ta kwano ko zana, da bencina, da talabijin, da dikoda, da ƙaramin janareta, sai allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. A ƙasa irin tamu da ƙauyuka ke kusa da juna, gida ɗaya yana iya tara samarin unguwanni biyar, wasu a ƙafa, wasu a keke. Gani ya kori ji. Yaron da ya shiga rumfar a kakar 2003 zuwa 2004 ya tarar da Arsenal ta Thierry Henry da Kanu ta gama lig ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ƙanensa da ya shiga bayan shekara biyu ya tarar da Chelsea ta Mourinho da Drogba da Essien, ga kuma Mikel Obi ɗan Jos ya iso a 2006. Na bayansu ya tarar da Barcelona tana doke Manchester United a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2009 da 2011, ga Ronaldo ya koma Real Madrid a 2009 ana ta gardamar shi da Messi. Kowanne ya riƙe wadda ya tarar a sama yana ɗan shekara goma zuwa sha biyar.

Wani zai ce ai don ɗan ƙasarmu yana kulob ɗin ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Jay-Jay Okocha ya yi shekara huɗu a Bolton daga 2002, kowa yana son sa, amma da wuya ka ga ɗan Bolton a Makoɗa. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Pillars, ya koma Leicester a 2016, Ndidi da Iheanacho suka biyo baya, har ƙungiyar ta ɗauki Kofin FA a 2021, duk da haka ba ta yi jama'a a nan ba. Manchester United kuwa ba ta da ɗan Najeriya a babbar tawagarta sai da Ighalo ya je aro a 2020, amma ta cika ƙauyuka tun tuni. Amsar tana hannun mai gidan kallo. Kuɗin mai yake nema ya mayar, don haka wasan da zai cika benci shi yake nunawa. Manyan ƙungiyoyi ake gani kowane mako, su yaro yake haddacewa, su kuma yake dawowa ya biya ya gani. Ko jesin da 'yan cirani suke dawowa da shi tsaraba daga gwanjon Ƙofar Wambai, na waɗannan ƙungiyoyi ne.

Akwai kuma dalili na cikin gida. Wani yayansa ne ya fara biya masa kuɗin shiga, sai ya gaji kulob ɗinsa. Wani kuma don ya ja da yayan ya zaɓi abokiyar hamayya. Mu mutane ne masu wasan barkwanci: taubashi da taubashi, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare. Ana faɗa wa juna maganar da in a wani wuri ce da an yi faɗa, amma a yi dariya. Ƙwallon Turai ta ƙaro mana wani barkwancin da ba a gada ba. Ranar Litinin a teburin mai shayi, yaron shago yana iya tsokanar mai gidansa, ɗalibi ya tsokani malaminsa, don an ci su jiya. Inda aka manta cewa wasa ne, nan ake samun zagi da gaba, wani lokaci har da rauni, a kan ƙungiyar da ba ta san da garin ba. Shigowar caca ta waya ta ƙara dagula lamarin, domin wanda kuɗin takinsa ya tafi a wasa ɗaya ba ya jin barkwanci.

Wayar hannu, wadda ta shigo a 2001 ta kuma zama mai intanet daga baya, ta kawo sahu na ƙarshe. Yaran yanzu suna ganin gajerun bidiyon ɗan wasa kafin su san kulob ɗinsa. Wasu sun so Liverpool don ganin Salah da Mane suna sujada in sun ci ƙwallo. Da Ronaldo ya koma Al-Nassr ta Saudiyya a farkon 2023, jesinta mai ruwan ɗorawa ta bayyana a jikin yara a kasuwannin ƙauye. Mata ma, waɗanda rumfar kallo ba ta taɓa zama wurinsu ba, yanzu suna bin sakamako a waya suna tsokanar mazajensu.

Wani abin lura shi ne sabon so bai kori tsohon ba. Mutum ɗaya ɗan Chelsea ne ranar Asabar, ɗan Pillars ne ranar Lahadi, kuma ba ya ganin ya ci amanar kowa. Na farko zamani ne ya ba shi, na biyu haihuwa. Son na farko ma ba ƙarami ba ne: ɗan Arsenal ya yi shekara ashirin daga 2004 bai ga kofin lig ba, ana yi masa dariya a majalisa, bai sauya ba. Ƙuruciyarsa ce yake karewa, da abokan da suka zauna benci ɗaya, wasu sun tafi Legas, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Me ya shafe mu, mu masu koyon rubutu? Na farko, in za ka sa wa tauraron labarinka jesi, ka duba shekarunsa. Dattijo ɗan saba'in a ƙauyen Gezawa da ke mutuwar son Manchester City sai ka ba mai karatu dalili. Labarin da ya faru a 1985 ba gidan kallo a cikinsa, rediyo ce. Irin wannan ƙaramin kuskure yana sa mai karatu ya daina yarda da sauran labarin.

Na biyu ya fi nauyi. Tarihin Arsenal a rubuce yake, kowa zai same shi a waya cikin minti ɗaya. Amma wa ya rubuta wanda ya fara kawo ƙwallon fata garinku? Wace shekara aka buɗe gidan kallo na farko, nawa ake biya, wane wasa aka fara nunawa? Wace ƙungiyar unguwa ce ta ci kofin hakimi ko na shugaban ƙaramar hukuma, wa ya tsare raga? Waɗanda suka ji wasannin Raccah Rovers a rediyo a 1978 suna matasa, yau sun haura sittin. Suna nan a ƙofar masallaci bayan La'asar, kuma ba mai tambayarsu.

Shawarata ga kowa a wannan mako ita ce ya samu mutum uku a garinsu, dattijo da magidanci da yaro, ya tambaye su kulob ɗin da suke so, da ranar da suka fara jin sunansa, da wanda suke tare da shi a ranar. Ya rubuta amsar yadda suka faɗa, kada ya gyara musu Hausa. In mun tara, za mu samu babin tarihin garuruwanmu da babu shi a kowane littafi.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalaminmu ya amfani al'umma.